Tambayi Kawu: In ekip ta zube, wa za a kama da laifi?

Assalamu alaikum jama'a. Satin nan saƙonnin da suka shigo kusan duk abu ɗaya suke kewayawa, wato in ekip ta sha kashi wa ya jawo. Na zaɓi huɗu, sauran ku yi haƙuri, musamman mai tambaya kan kuɗin aure da Real Madrid, kai naka sai mun zauna.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Mu a fadarmu nan Bukoki gardama ta hana mu shan shayi cikin kwanciyar hankali. Ni na ce matsalar Mena, ekip ɗin ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu Nijar, koci ne kawai, a kawo babban koci a ba shi kuɗi a ga aiki, abokina ya ce ƴan wasan ne ba su da kishi, wani kuma ya ce duk laifin na ofis ne. Tun 2013 ba mu sake leƙa CAN, gasar cin kofin Afirka, ba fa Kawu. Ka raba mu don Allah.
Daga wani ɗan fada, Bukoki, Yamai

AMSA: Ɗana, ku zuba na biyu ku saurara, amma ban yi alkawarin za ka ji daɗin amsar ba.

Ka tuna yadda muka je CAN ta farko, ta 2012? Rukuninmu akwai Masar mai riƙe da kofi sau uku a jere, ga Afirka ta Kudu ga Saliyo. Wasa shida aka buga, uku a gida uku a waje. Na gida a filin Seyni Kountché duka muka cinye, har da Masar da Moussa Maazou ya zura wa ɗaya, na waje kuwa duka ukun aka lallasa mu, ranar ƙarshe ma Masar 3 da nema ta yi mana. Maki 9 muka tashi da shi, Afirka ta Kudu 9, Saliyo 9. Su ƴan Afirka ta Kudu sun yi 0-0 da Saliyo suka hau rawa a fili wai sun wuce don suna lissafi da yawan ƙwallaye, ashe dokar gasar ta ce sakamakon da aka yi tsakanin masu maki ɗaya za a fara dubawa, kuma a nan mu ne a sama. To ka ga a can laifin ba na mai buga balo ba ne, yaran abin da aka ce su yi suka yi, su riƙe canjaras, wanda aikinsa ne ya karanta takarda shi ne bai karanta ba.

Wa ya kai mu? Harouna Doula, ɗan ƙasa, har CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, ta ba shi kyautar gwarzon koci na Afirka na 2011. Ana gab da gasar aka kawo Bafaranshe Rolland Courbis wai mai ba da shawara, da Gabon ta ci mu 2-0 a wasan farko sai ragamar ta koma hannun baƙon. Me ya canza? Tunisiya ta ci mu 2-1, Maroko 1-0, muka tattaro kayanmu. Shekarar da ta biyo Gernot Rohr ne a benci, muka fitar da Gine muka je Afirka ta Kudu, Mali ta ci mu 1-0, muka yi 0-0 da Kwango, Ghana ta ci mu 3-0. Wasa shida a CAN biyu, ƙwallo ɗaya tak muka ci, maki ɗaya tak. Shi dai Rohr ɗin nan, kai ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya, ya koma Najeriya ya kai su Kofin Duniya na 2018 ya zo na uku a CAN ta 2019. Ko kana so ka ce a hanyar Birnin Konni ya koyo koci?

Abin da nake so ka gane, koci tela ne, yadin da aka miƙa masa shi zai ɗinka. In ka kai masa yadi biyu ka ce babbar riga kake so da aska takwas, laifin ba a almakashi yake ba. Ka duba daga ina ƴan wasa ke fitowa, wato gasar cikin gida, ka ga ekip nawa ne ke biyan albashi a kan kari, nawa ne ke da filin atisaye mai ciyawa, nawa ne ke da ajin yara ƴan ƙasa da 15. Manyan ekip ɗinmu da dama na masu kaki ne, AS FAN, AS GNN, AS Douanes, AS Police, US GN, don su ne ke da wata kafa ta kuɗi mai ɗorewa, ragowar kuwa sai wani mai hali ya ga dama. Sannan ga batun fili, an ɗauki tsawon lokaci CAF ba ta yarda da filinmu ba, wasanmu na "gida" muna buga shi a Maroko ko Lome, alhali ka ji da kunnenka a 2010 da 2011 gidan nan shi ne duk ƙarfinmu, zafin Yamai da ihun jama'a su suka karya Masar.

Batun abokinka na rashin kishi kuwa ni ban saya ba. A neman CAN ta 2025 yaran nan ƙarƙashin Badou Zaki sun yi wa Sudan 4-0, suka bi Ghana har Accra suka ci 2-1, maki ɗaya ya raba mu da tafiya. Marar kishi ba ya yin haka. Inda aka yi asarar shi ne wasannin farko, kuma can ɗin kowa na da kasonsa, har da kocin, ban wanke shi tas ba, zaɓen wanda zai fara wasa da canji a kan lokaci aikinsa ne. Amma in dole sai na raba muku, na ukun ku ya fi ku kusa da gaskiya. Kai ka biya sukari.

TAMBAYA: Kawu ina kwana, ya sanyi. Ƙanena na zamne New York shekara tara, shi yanzu wani wasa shika kallo wai besbol, kullum ya kira ni sai zancen wata ekip Mets, wai sun kashe kuɗi masu yawa sun faɗi an kori manaja. Ni ban gane komi ba cikin wasan ga. Su ma can koci suka kora kamar mu? Kuma mi ya sa kuɗi ba su yi musu aiki ba?
Daga wani ɗan kasuwa, Tahoua

AMSA: Alhaji lafiya lau, a gaida mutanen Adar. Wannan tambaya ta yi min daɗi don wasan nan ya fi ƙwallon ƙafa tona asirin masu ɗora laifi, bari in ɗan buɗe maka shi.

Wasa ne na jifa da duka. Ɗaya ya jefo ƴar ƙwallo mai tauri da gudun da ya kai na mota a kan titin Dosso ko ya fi, ɗaya ya tare ta da kulki, in ya doke ta ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu, wanda ya dawo gida an ci ɗaya. Kowane ɓangare mutum tara. To abin da ya bambanta shi, a babbar gasar Amurka kowace ekip wasa 162 take bugawa a shekara, kusan kullum ana fili daga bazara har kaka. Ekip ɗin da ta fi kowa ƙarfi ma sai ta faɗi wasa hamsin ko sittin, Seattle Mariners a 2001 sun ci 116, ba wanda ya taɓa wuce wannan adadi, duk da haka sun faɗi 46 kuma ko wasan ƙarshe na kofi ba su kai ba. Shi kuma mai duka in yana samun uku cikin goma gwani ne ana ji da shi, ka ga kenan sau bakwai a banza yake komawa benci. Wasan da faɗuwa ta zama abincin yau da gobe, in ka ce duk ranar da aka faɗi sai an kori wani ai ko mai shara ba zai rage ba.

Kuma su sun raba aikin gida uku a fili. Akwai mai ekip, shi ke cewa ga iyakar kuɗin da zan kashe. Akwai babban jami'i na ofis, shi ke saye da sayar da ƴan wasa da sa hannu a kwantiragi. Sai manaja, wanda mu za mu ce koci, shi nasa jera masu duka da sanin lokacin da zai cire mai jifa in hannunsa ya gaji. Ka ga na ukun nan shi ne mai ƙaramin iko a cikinsu, amma shi ne kullum kamara ke haskawa yana tauna cingam, shi ne ke zama gaban ƴan jarida bayan kowane wasa, saboda haka shi ake fara sallama.

Mets ɗin ƙanenka, a 2022 sun ci wasa 101, manajansu Buck Showalter aka ba shi kyautar gwarzon manaja na shekara, irin dai ta Doula ɗinmu. A 2023 mai ekip ɗin Steve Cohen ya zuba kuɗin albashin da ba a taɓa ganin irinsa ba a tarihin wasan zuwa lokacin, aka tashi da ci 75 faɗuwa 87. Me ya faru? Tun kafin a fara kakar, Edwin Díaz, mai jifan da ke rufe musu wasa a ƙarshe, ya ji ciwo a gwiwa yana murnar nasarar ƙasarsa Puerto Rico a gasar duniya, murna fa Alhaji ba wasa ba, shekarar gaba ɗaya bai buga ba. Manyan masu jifa biyu da aka biya kuɗi na fitar hankali, Max Scherzer da Justin Verlander, dukansu shekaru sun ja, ɗaya na dab da 40 ɗaya ya kai, tsakiyar kaka aka sayar da su. Showalter ba shi ya sayo su ba, ba shi ya karya gwiwar Díaz ba, amma ƙarshen kaka shi aka nuna wa ƙofa. Kai ɗan kasuwa ne, in ka saro kaya masu tsada waɗanda kwanansu ya kusa ƙarewa suka lalace a shago, yaron shago za ka kora? Mutane da yawa shi suke kora, na sani, an bar jaki ana dukan taiki.

Yanzu masu cewa a kori koci suna da hujjarsu, kuma ba zan ɓoye ta ba. A 2022 Philadelphia Phillies sun kori Joe Girardi a watan Yuni suna cikin wahala, mataimakinsa Rob Thomson ya karɓa ya kai su har wasan ƙarshe na kofi. Mu ma nan kusa mun gani, Kodebuwa ta sha 4-0 hannun Equatorial Guinea a gidanta, aka kori Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, Emerse Faé ya karɓa ya ɗaga kofi a Abidjan ranar 11 ga Fabrairu 2024 bayan sun ci Najeriya 2-1. Duk gaskiya ne. Sai dai ka lura da abu biyu. Na ɗaya, duka biyun ƴan wasa masu kyau suna nan dama, barci suke aka tashe su. Na biyu, ba a korar koci sai an kai ƙasan rijiya, kuma wanda ke ƙasan rijiya in ya motsa sama zai yi ko da sabon koci ko babu, sai sabon ya kwashi yabo. Kamar mai zazzaɓi ne da ya sha jiƙo a rana ta biyar, ya warke a ta shida, ya ce jiƙon ne.

In kana son ɗaya gefen, Chicago White Sox a 2024 sun faɗi wasa 21 a jere, aka kori manaja Pedro Grifol a watan Agusta, wanda ya karɓa ma haka ya ci gaba da shan kashi, suka rufe shekara da faɗuwa 121, mafi muni a tarihin wasan na zamani. Can ba barci ake ba, babu kayan aikin ne. Akwai kuma wani mai ekip ɗin New York Yankees na da, George Steinbrenner, sau biyar yana ɗaukar manaja ɗaya, Billy Martin, suna rabuwa yana sake dawo da shi, kamar auren da aka rasa mai raba shi.

Kuɗi kuwa suna aiki, kar ƙanenka ya ruɗe ka, masu kuɗi sun fi yawan kai wa gaba. Amma Oakland a 2002 da ɗan kasafinsu da bai kai rabin na Yankees ba sun ci wasa 103, har da 20 a jere, don mutumin ofis ɗinsu Billy Beane ya iya tsintar ƴan wasan da kasuwa ta raina. A wasan nan wanda ke riƙe da biro ya fi wanda ke riƙe da usur tasiri. In ƙanenka ya sake kira ka tambaye shi labarin gwiwar Díaz, zai yi mamakin inda ka samo.

TAMBAYA: Kawu ni uwa ce. Ɗana shekararsa 16, gola ne a ekip ɗin unguwa, gasar hutu aka yi ƙwallo ta zame mishi a hannu minti na ƙarshe aka fidda su. Yau kwana goma ba ya fita, yara na kiran shi kwando, har wasu manya na cewa an saye shi ne. Abinci ma sai na matsa. Mi zan ce mishi?
Daga wata uwa, Tahoua

AMSA: Hajiya sannu, Allah ya raya shi. Wannan ta fi sauran taɓa ni, don ni ma na tsaya raga ina yaro, kuma akwai wata ƙwallo da har yau in na rufe ido ina ganinta tana bi ta ƙarƙashin hammatata, shekara fiye da talatin.

Ki fara da tambayarsa abu ɗaya, wasan nawa-nawa yake kafin ƙwallon ta zame? In 0-0 ne, to mutum goma sun yi minti tamanin da tara ba su ci ko ɗaya ba, su nasu kuskuren ya bazu cikin wasa an manta, shi nasa ya zo a ƙarshe shi ya sa ake gani. Ɗan gaba zai zubar da biyar a ce bai yi sa'a ba, gola ya saki ɗaya a ce ya ci amana.

Ki ba shi labarin Bill Buckner, tun da yau mun shiga besbol. A 1986 ekip ɗinsa Boston Red Sox na dab da ɗaukar kofin da rabonsu da shi tun 1918, ƙwallo ta taho a ƙasa a hankali ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, Mets suka ci wasan. Shekara da shekaru garin na tsine masa. Abin da masu tsinuwar suka manta, kafin ƙwallon ta zo wajensa masu jifansu sun riga sun zubar da ratar da suke da ita an yi kunnen doki, kuma akwai sauran wasa na bakwai wanda suka fara jagoranci da 3 suka sake bari aka ci su. A 2008, bayan sun ɗauki kofi har sau biyu zuciya ta huce, aka gayyato shi filin jama'a suka miƙe suna tafa masa yana hawaye. Haka Pierre Womé na Kamaru, Oktoba 2005 a Yaounde ya buga fenariti a mintin ƙarshe da Masar ta daki ƙarfe, Kamaru ba ta je Kofin Duniya ba, ɓata-gari suka far wa dukiyarsa, alhali shi ne ya yi ƙarfin halin ɗaukar ƙwallon.

Yaran da ke ce masa kwando ki bar su, sati biyu za su samu wani abin. Manyan da ke cewa an saye shi su ne ba za a yi wa shiru ba, wannan ƙazafi ne a kan yaro, mahaifinsa ko kawunsa ya samu mai horar da su a yi magana ido da ido, shi kocin ya fito gaban yaran ya ce golana ne kuma shi zai tsaya wasa na gaba. Kalma ɗaya daga bakin koci ta fi lallashinki ɗari a wannan gaɓar, ki yi haƙuri da na faɗa haka. Kuma kar ki ce masa ya bar ƙwallo yanzu, in zai bari ya bari bayan ya sake kamawa.

TAMBAYA: Kawu gaskiya ne ana ɗaure raga? Mu an ce an binne mana abu a fili shi ya sa ba ma ci a gida.
Daga wani matashi, Talladje, Yamai

AMSA: Ɗana ba mu kaɗai ba ne. A besbol, Chicago Cubs sun yi shekara 108 ba kofi, daga 1908 har 2016, kuma mutanen garin da yawa sun yarda wani mai mashaya ne ya yi musu baki a 1945 da aka kore shi daga filin shi da bunsurunsa saboda wari. Turawa fa, da digirinsu. Ba su ɗauki kofin ba sai da suka kawo Theo Epstein ofis ya yi shekara biyar yana tara yara masu tasowa.

Mu nan ko a kokowa, inda mutum ɗaya ne a fili ba koci ba gola, in aka kayar da ɗan jiha a gasar takobi sai ka ji an ce malaminsa ne bai yi aiki ba, ba mai cewa Issaka Issaka ya fi shi atisaye. Ku tono filin in hankalinku zai kwanta, amma in kun gama ku cike ramin da kyau ku daddaɓe, kar wani ya karye a ciki ranar Asabar.